Takarda a Cikin Buhun Gero

Ni mai koko ce a ɗaya daga cikin zangunan Kumasi. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi layinmu ba, domin yarana suna makaranta kuma ubansu yana raye. Ƙarfe uku na dare nake tashi in tace gasara, kafin kiran assalatu tukunya ta hau wuta, gari na wayewa masu pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya, da 'yan makaranta sun yi layi. Mai koko ba ta da ranar ɓuya. Ko fuskarki ta kumbura sai kin fito, don geron da kika jiƙa jiya bai san an doke ki ba, in kika bar shi sai ya lalace. Saboda haka babu wanda bai san halin da nake ciki ba a unguwarmu. Mata su miƙo kwano, su dubi idona, su ce, "Sannu Amarya, ƙofar ce kuma?" Ni ma in ce, "Ƙofar ce." Shekara goma sha biyu muna wannan wasa da su.

An yi mini aure a 2010, ina da shekara goma sha tara. Mijina yana da shagon kayan babur a Alabar. Mutum ne mai tsafta, mai fara'a a waje, ba ya rasa sahun farko a masallaci, in an yi rasuwa shi ne kan gaba wajen haƙar kabari. Na faɗi wannan ne don mutane suna tsammanin mai dukan mata sai mashayi ko ɗan iska. Nawa ko sigari ba ya sha. Marin farko ya zo ne a wata na huɗu, saboda na tsaya a kasuwar Kejetia na gaisa da wani da muka yi makarantar allo tare. Ya ba ni haƙuri da dare, har ya sayo mini atamfa. Daga nan abin ya zama kamar ruwan damina, sai dai ki ga hadari ya haɗu, ki fara kwashe shanya.

Duka shi ne abin da ake gani. Akwai waɗanda ba a gani. Kuɗin kokon da nake samu, shi yake karɓa kowace Juma'a da sunan ajiya. Layin momo ɗina, na tura kuɗi ta waya, da sunansa aka buɗe, ko sidi biyar aka turo mini sai ya gani. Sai kuma maganar dare, wadda har yau nauyinta nake ji a baki. Abin da zan iya faɗa shi ne, haihuwata ta biyu an yi mini ɗinki, ban yi sati uku ba ya zo, na roƙe shi da Allah, bai saurara ba. Na koma asibiti an sake ɗinkin, na ce da nas faɗuwa na yi a bayi. Ta dube ni ta daɗe, ba ta ce komai ba. A lokacin ban san wannan abu yana da suna ba. Ina ganin tunda an biya sadaki, shi ke nan, bakina ya mutu.

Sau uku na yi yaji. Sau uku aka zo biko, aka zauna a tsakar gidanmu, kawuna ya yi masa faɗa na minti biyar, ni kuma aka yi mini na awa ɗaya. Mma takan raka ni har bakin titi, ta ce, "Ki yi haƙuri, ni ma haka na zauna da babanku, ga shi yau ya wuce." Ban taɓa riƙe ta a zuci ba. Ɗaki ɗaya take haya da ƙannena mata uku, in na dawo da yara ina za ta sa mu? Amma dai haƙurin nan da ake ba mace a zango, sau da yawa ba don Allah ake ba ta ba, don babu wurin kwana ne. Da an faɗa mini haka a fili da ya fi mini sauƙi.

Na san akwai wani wuri da ake ce wa Waju. Kowa a zango ya san shi, amma a matsayin zagi. "Wance ai ita ce ta kai uban 'ya'yanta Waju." In aka faɗi haka, an gama da mace, har 'ya'yanta mata sai an yi musu gori ranar da aka zo neman aurensu. Allah ya yafe mini, ni kaina na taɓa sa baki a gulmar wata da ta je can, alhali a ranar haƙarƙarina yana ciwo. Sai daga baya na san cewa Waju tsohon suna ne. Sashe ne na 'yan sandan Ghana da aka buɗe a 1998 don mata da ƙananan yara, daga baya aka canja masa suna zuwa DOVVSU, don a nuna kowa na iya zuwa, har maza. Mu dai har gobe Waju muke cewa.

Daren da abin ya karye, cikin azumin 2022 ne. Bayan asham ya dawo ya tarar na ba ƙanwata sidi hamsin daga cinikin ranar ban tambaye shi ba. Ya fara kamar yadda ya saba. Abin da ya bambanta shi ne babban ɗana, yana da shekara goma a lokacin, ya ɗauko muciyar da nake dama koko ya tsaya tsakaninmu, jikinsa yana rawa, ya ce, "Baba, in ka ƙara taɓa ta..." Bai ƙarasa ba. Uban ya fizge muciyar, ya kai masa, na tare da hannu. Na ji ƙarar ƙashina da kunnena. Amma ba hannun ne ya hana ni barci ba, fuskar yaron ce. Na ga irin kallon da ya yi wa ubansa, na san in muka ƙara shekara biyu a ɗakin nan, ko dai ya kashe uban, ko ya girma ya zama shi.

A gidan hayarmu akwai wata nas 'yar Bolga, Kirista, tana ɗakin ƙarshe kusa da famfo. Sista muke ce mata. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, sai in ta sayi koko. Bayan sahur, da ya tafi masallaci, ta ƙwanƙwasa mini. Ta duba hannun, ta ɗaure shi da ɗankwalina, sannan ta fito da waya ta ɗauki hoton hannun da wuyana da bayana. Na ce, "Sista, me za ki yi da shi?" Ta ce, "Ni ba abin da zan yi. Naki ne, ranar da kika so." Sai ta nuna mini wani ƙaramin littafi. Ashe tun da ta tare a gidan, duk daren da ta ji kukana ta bango sai ta rubuta kwanan wata. Shafi uku. Ban iya karatun boko sosai ba, amma na iya lamba. Na zauna ina kallon lambobin nan, wasu daren ma ni na manta da su.

Ba mu dace da ƙofar farko ba. Wani caji ofis muka fara shiga, wanda yake kan kanta ya dubi mayafina ya ce wannan maganar gida ce, mu je wurin malamanmu su sasanta. Wallahi har na juya, har na ji wani sanyi a raina, ga shi na zo an ce in koma, ba laifina. Sista ta riƙe mayafina ta ce masa ba wurinsa muka zo ba, teburin DOVVSU muke nema. Ƙarshe dai muka hau mota zuwa babban ofishinsu a cikin gari. In da ni kaɗai ce, da labarin nan ya ƙare a kantar nan. Shi ya sa duk wadda ta tambaye ni yanzu nake ce mata kada ta je ita kaɗai, kuma ta kama sunan wurin da bakinta.

Bencin jira ya ba ni mamaki. Ina tsammanin mu 'yan zango ne kawai ake duka. Ga matan Tonawa da leshi da jaka mai tsada, ga wata yarinya 'yar kayayo, mai dakon kaya a kasuwa, da goyo, ga wani dattijo da bandeji a ka wanda matarsa ta rotsa. Wadda ta karɓe ni mace ce, ba ta sa kaki ba. Da yaren Tonawa muka yi magana, tana rubutawa da Turanci, da ta gama ta karanta mini ta fassara kafin in dangwala. Ta tambaye ni, "Maame, ban da duka, yana tilasta miki kwanciya?" Na sunkuyar da kai. Ta ajiye biro ta jira. Tun da aka yi mini aure babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya, ko Mma.

Ita ce ta fara gaya mini akwai doka, ta 2007, lamba 732. Ta ce dokar ba duka kawai ta hana ba. Tilasta wa mutum kwanciya yana ciki, ƙwace masa kuɗin da ya samu ko hana shi abin da ya wajaba a ba shi yana ciki, zagi da tsoratarwa da wulaƙanci na kullum suna ciki. Tana lissafawa ina ganin rayuwata kamar an baje ta a faranti. Na ce mata ni fa ba na so a ɗaure shi, uban yarana ne, in ya shiga kurkuku wa zai kalle su da mutunci? Ta ce hukuncin laifin yana iya kaiwa tara ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko duka biyun, amma akwai wata hanya ban da wannan. Kotu tana iya ba da takardar kariya, ta hana shi taɓa ni, ko zuwa inda nake, ko aiko mini da barazana, in ya karya kuwa wannan kansa laifi ne. Ban taɓa jin haka ba. A zango abin da muka sani shi ne Waju ɗauri ne kawai.

Sai ta ba ni fom ɗin 'yan sanda na asibiti, ta ce in kai wa likitan gwamnati ya duba ni ya cike ya sa hannu, in dawo da shi. A nan na ga bambancin abin da ke rubuce da abin da ke ƙasa. Doka ta ce wadda aka ci zarafinta a yi mata magani kyauta. Amma a asibitin da muka je, an ce sa hannu a fom sai an biya, domin likita zai iya ɓata ranarsa a kotu. Kuɗin ya fi cinikin kokona na sati. Sista ta yi magana, ta yi magana, aka rage kaɗan. Uwar adashinmu na kira, na ce ta ba ni kwasata kafin lokaci, ban gaya mata dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba. Mata nawa ne suka kai wannan mataki suka koma gida da fom a jaka babu sa hannu? Na ga biyu a ranar kaɗai.

An yi hoton ƙashi, an sa mini filasta. Na sa aka yi wa fom ɗin kwafi kafin in mayar, bisa shawarar Sista. Kwana huɗu na ƙara a ɗakinsa kafin a kai masa takardar kira, kuma na san yana bincike jakata da ƙarƙashin katifa. Sai na naɗe kwafin a leda na tura shi can cikin buhun gero. Shekara goma sha biyu yana cin kuɗin geron nan, bai taɓa sa hannu a buhun ba.

Ranar da takardar kira ta isa shagonsa, kafin azahar labari ya gama Alabar ya dawo unguwa. Ni kuwa tun da safe na kwashe yara. Jami'ar ta gaya mini gaskiya cewa gidajen fakewa na mata kaɗan ne ƙwarai a ƙasar, in ina da dangin da zai riƙe ni ya fi sauri. Gwaggona da ke Tafo, wadda ake ce wa mai bakin tsiya don ba ta iya rufa-rufa ba, ita ta buɗe mini ƙofa. Bayan kwana biyu aka haɗa ni da ɗan sanda na je na kwashi kayana, wannan ma yana cikin abin da doka ta ɗora musu. Ban ɗauki gado ko kujera ba. Tukunyata, matacina, katunan inshorar lafiyar yara, takardun haihuwarsu, da buhun gerona.

Sai tawaga ta fara zuwa. Kawuna, yayan mijina, wasu dattawa biyu daga masallacinsu. Kawu ya ce, "Ke yanzu kin kai Musulmi gaban waɗanda ba sa salla, kin tona mana asiri. Ki je ki janye, mu za mu gyara." Gwaggo tana daga ɗaki ta ce, "Yaya, sau uku kuka gyara." Ni ban iya cewa komai ba, kuka kawai nake yi. Har ga Allah na kusa janyewa. Abin da ya riƙe ni shi ne duk cikinsu babu wanda ya tambayi hannuna, ga shi kuwa a rataye a wuyana fari fat.

Kotu ba ta da daɗi, kada wani ya yaudare ki. An fara ba ni takardar kariya ta wucin gadi, daga baya aka ba da ta shekara guda. Tsakanin nan an ɗage zama ban san sau nawa ba, kuma duk ranar kotu ranar da ba ciniki ce. Ofishin taimakon shari'a na gwamnati, wanda ake ce wa Legal Aid, su suka ba ni lauya ban biya ba, bayan na cike takarda na nuna ba ni da hali. An kuma gaya mini ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana irin wannan taimako. Maganar yara kuwa wani layi ne daban. Ma'aikatan jin daɗin jama'a suka zo har Tafo suka ga inda muke kwana, suka yi hira da babban shi kaɗai, sannan kotun iyali ta yanka wa uban abin da zai riƙa bayarwa duk wata da kuɗin makaranta, bisa dokar yara ta 1998. A wurin lauyan na fara jin cewa auren Musulmi akwai rajistarsa a hukumance, kuma cikin sati ɗaya da ɗaurawa ake so a yi. Namu ba a yi ba, kamar yawancin auren zango. Na tsorata, ya ce in kwantar da hankali, wannan bai hana ni kariya ba, bai kuma sauke wa uba nauyin 'ya'yansa ba.

Saura igiyar aure. Kotu ta raba mu da duka, amma a wurin Allah da wurin jama'a ni matarsa ce, kuma ya rantse ba zai sake ni ba sai na dawo masa da sadakinsa da kayan lefe. Gwaggo ta kai ni wurin wani tsohon malami da ake kai wa irin wannan shari'a. Na shiga zaurensa gabana yana faɗuwa, don na ɗauka zai fara da zancen Waju. Ya saurare mu duka biyu. Mijina ya ce shi bai taɓa yi mini abin da ya wuce tarbiyya ba. Sai na kwance ledar nan, har da ƙurar gero a jikinta, na miƙa. Malam ya kira jikansa ya karanta masa abin da likita ya rubuta, ya kuma duba lambobin littafin Sista ɗaya bayan ɗaya. Ya yi shiru. Sannan ya ce Allah zaɓi biyu ya ba miji a Suratul Baƙara, ko riƙo da alheri ko saki da kyautatawa, bai ba da na uku ba. Ya ce a mazhabar Malikiyya da muke bi, in cuta ta tabbata ana raba aure, kuma ba a ce wa wadda aka cuta ta fanshi kanta da dukiya. Ya juyo ya ce, "'Yata, me ya sa ba ki zo tun da wuri ba?" Na ce, "Allah gafarta Malam, ban san ana zuwa ba." Sati biyu bayan nan takardar sakina ta iso.

Ban warke a ranar ba. Na yi wata da watanni in na ji ƙarar babur ya tsaya a ƙofar gida sai cikina ya juya. An haɗa ni da wata mai ba da shawara, na je sau biyar, da farko ina ganin ɓata lokaci ne a ce mutum ya biya kuɗin mota don ya je ya yi magana kawai. Ita ce ta lura yaron ya fi ni bukata, don ya koma fitsarin kwance yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Kuɗin wata kuwa, wani watan ya zo, wani sai na koma ofis an kira shi. Wasu masu sayen kokona sun ƙaurace, har yau akwai matar da in ta gan ni sai ta tsallaka titi. Na kama ɗaki, na buɗe layin momo da katin Ghana nawa, da sunana. Akwai lambar kyauta ta ma'aikatar mata da yara, 0800 111 222, ta cibiyar da ake kira Orange. Na sa ɗana ya rubuta mini ita da fenti a cikin murfin bokitin sukari, inda mace za ta gani in na buɗe, namiji kuwa ba ya kula.

Bara, wata Talata, wajen ƙarfe huɗu da rabi, ina cikin dama koko sai ga wata mata da yarinya a bayanta, ba ta wuce shekara goma sha huɗu ba, tana tafiya da ƙyar. Matar tana cikin waɗanda suka daina sayen kokona. Ta tsaya nesa da fitila ta ce, "Yaya, an ce kin san hanya." Wani ne a gidan hayarsu, daren jiya. Har an fara maganar a kira dattawa a rufe, ya biya kuɗin magani. Na tambaye ta ko yarinyar ta yi wanka, ta ce a'a. Na ce kada ta yi, kayan da ke jikinta ma kada a wanke. Na gaya mata abin da Sista ta koya mini, cewa maganin da ke kare mutum daga cutar ƙanjamau bayan irin wannan sai an fara shi cikin awa 72, na hana ciki ma gwargwadon saurinki gwargwadon aikinsa. Kuma yarinyar da ba ta kai shekara 16 ba, wannan babban laifi ne a dokar ƙasa, ba abin da dattawa ke da ikon rufewa a zaure ba ne.

Na dubi tukunya, ta kusa nuna, ga ƙullun ƙosai ban ko fara suya ba. Mma tana zaune a kan benci da carbinta, don tun da ƙafa ta fara damunta ta dawo wurina. Duk abin da muka faɗa a kunnenta. Ta miƙe a hankali, ta rataya carbin a wuya, ta karɓi ludayin daga hannuna.

Ta ce, "Ɗauki mayafinki. Nawa kike sayar da na leda?"